Mutum ne ke riƙe da ƙungiya, ko manufar da aka taru a kanta?

Wani bawan Allah, sakataren wata ƙungiyar manoman rani, ya aiko da tambaya. Ya ce dattijon da ya kafa ƙungiyarsu shekara goma sha huɗu da suka wuce, wanda kowa ke kira Baba, jiki ya fara ƙi, har ya ce zai sauka bayan girbi. Tun ranar 'yan ƙungiya suka rabu biyu. Wasu na cewa in babu Baba babu ƙungiya, gara a lallashe shi ya ci gaba ko da suna ne kawai. Wasu kuma, yawancinsu matasa, na cewa ai neman taki da kasuwa ne ya tara su, don haka ko wa aka ɗora tafiya za ta yi. Shi ne yake tambaya: wanne ne gaskiya, mutane ke tafiyar da shugabanci ko manufa?

Malam Sakatare, Allah ya ba Baba lafiya, ya saka masa da alheri. Na daɗe ina aiki da ƙungiyoyin gama kai, kuma wannan gardama taku na ji ta a rumfuna da zaurukan da ba zan iya ƙirgawa ba. Amsata ita ce mutum ne ke jan ragama, kullum, domin manufa ba ta da baki, ba ta kiran taro, ba ta sa hannu a takardar banki. Sai dai manufa tana da aikin da babu mutumin da zai yi shi a madadinta. Ita ke ba na baya ikon yi wa na gaba gyara, ita kuma ke sa a iya maye gurbinsa ba tare da tafiya ta tsaya ba. In manufarku ba ta iya waɗannan biyun, to abin da kuke da shi rubutu ne a saman takardar wasiƙa.

Ka dubi sallar jam'i. Ba ta yiwuwa sai da liman, kuma liman mutum ne, da muryarsa, da saurinsa ko nawarsa, da ranar da hankalinsa ke wani wuri. Ranar da ya miƙe zai kawo raka'a ta biyar a azahar, sahu ba ya miƙewa da shi, sai a ce masa subhanallahi. Mai faɗar haka wataƙila bai kai shi rabin karatu ba, wataƙila ma ɗalibinsa ne. Abin da ya ba shi wannan iko shi ne ya san azahar raka'a huɗu ce, kamar yadda liman ya sani. In kuma alwalar liman ta karye, sai ya jawo wani daga sahun farko, salla ta ci gaba daga inda aka tsaya. Shi ya sa ake son masu ilimi su tsaya daf da bayansa. Da a ce liman kaɗai ya san yadda ake salla, da duk kuskurensa ya zama na kowa, kuma ranar da ya faɗi sai a watse.

Bari in kai ka tarihin da na fi yawan komawa gare shi in wannan magana ta taso. Mutane da yawa sun ɗauka Malam Aminu Kano ne ya kafa jam'iyyar NEPU. Ba haka aka yi ba. Ranar 8 ga Agusta 1950 wasu mutum takwas suka kafa ta a Kano, cikinsu akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Mudi Sipikin da Magaji Dambatta. A lokacin Malam yana koyarwa a kwalejin horon malamai ta Maru, a lardin Sakkwato. Daga baya ya ajiye aikin ya rungumi siyasa, kuma sai a 1953 ya zama shugaban jam'iyyar. Ke nan manufa ta riga shi zuwa. Sanarwar Sawaba da jam'iyyar ta fitar ba ta yi ɓoye-ɓoye ba: akwai masu riƙe da mulkin En'e, wato hukumar sarakuna, a gefe guda, akwai talakawa a ɗaya gefen, kuma 'yantar da talaka aikin talaka ne da kansa.

Matasanku za su so wannan ɓangare na labarin, kuma suna da hujja. Abin da 'yan NEPU suka sha, ba a shan sa don son mutum ɗaya kawai. Jam'iyya ce da ba ta da gwamnati, ba ta da kwangila, ba ta da albashin da za ta ba kowa. A zaɓen 1951 ta yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano, amma da yake zaɓen hawa-hawa ne, kuma En'e na da damar cusa nata mutane kafin a kai ƙarshe, sai ta tashi a tutar babu. Tela ko mahauci ko ɗan koli da ya yanki kati ya san abin da ya sayo wa kansa: ana iya kai shi gaban alkali a kan taro ba izini ko a kan wata kalma da ya faɗa game da sarauta, a yi masa bulala, a ɗaure shi, baɗi kuma ya ga an ƙara masa haraji. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau da yawa saboda jam'iyyar da ita kanta ba ta da ikon jefa wa ƙuri'a, domin matan Arewa ba su yi zaɓen tarayya ba sai a 1979. Mutumin ƙauye da aka ɗaure, wanda wataƙila bai taɓa zama tabarma ɗaya da Malam ba, abin da ya riƙe shi shi ne ya san abin da yake ƙi: aikin tilas, da harajin da bai san inda yake zuwa ba, da shari'ar da ke duba fuska.

Sojoji suka rushe jam'iyyu a 1966, aka yi shekara goma sha biyu ba siyasar jam'iyya. Duk da haka, da aka buɗe fage a 1978 aka kafa PRP, sabuwar jam'iyyar su Malam mai alamar mabuɗi, sai ga mutanen nan sun fito kamar jiya aka rabu. A 1979 suka ci jihohi biyu, Abubakar Rimi a Kano, Balarabe Musa a Kaduna. Cikin abubuwan farko da gwamnonin suka yi akwai soke haraji da jangali, maganar da aka yi kusan shekara talatin ana faɗa a kan dandamali. Wannan ƙarfin manufa ne, babu mai musun haka.

To ga ɓangaren da matasan ba za su so ji ba. A 1980, ana tsakiyar cin nasara, jam'iyyar ta dare biyu. Musabbabin da ya fito fili shi ne taron da gwamnonin biyu ke halarta tare da gwamnonin UPN biyar da na GNPP biyu, su tara, duk masu adawa da gwamnatin NPN ta Shehu Shagari. Uwar jam'iyya ta ce su daina, suka ƙi. Aka kore su, su ma suka ce ai su ne jam'iyya, tsohon jagoran ƙwadago Michael Imoudu ya zama shugaban ɓangarensu. Mutanen Kano suka raɗa wa kowa suna: 'yan santsi su ne na gwamnoni, 'yan taɓo su ne na Malam. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta amince da ɓangaren Malam.

Ka tsaya ka duba wannan da kyau, don a nan amsar tambayarka take. Babu ɓangaren da ya ce ya bar talaka. Gwamnonin na ganin jam'iyya mai jihohi biyu cikin goma sha tara ba za ta iya tsare kanta daga gwamnatin tarayya ba sai da abokan tafiya. Su Malam kuma na ganin wanda jam'iyya ta tsayar ba shi zai zaɓa wa jam'iyya abokai ba, kuma in aka bar gwamna ya yi gaban kansa yau, gobe babu jam'iyya sai gwamna. Kowace magana tana da nauyi. Sanarwar Sawaba ba ta ce komai a kan wannan ba, kuma ba za ta iya cewa ba, domin an rubuta ta lokacin da gidan gwamnati ko a mafarki bai zo kusa ba. Manufa takan gaya maka garin da za ka, amma ba ta gaya maka motar wa za ka hau yau da safe.

Da manufa ta yi shiru, abin da ya rage shi ne mutane, da halayensu, da abin da ke hannun kowa. Kwarjini da tarihi suna gidan Malam a Gwammaja. Kuɗi da muƙamai suna gidan gwamnati. Babu kuma wani zaure da ɓangarorin biyu suka yarda in ya yanke hukunci za su bi ko da bai yi musu daɗi ba. A ganina wannan giɓi ne ya kayar da PRP. Ba ta rasa manufa ba, ba ta kuma rasa mutanen kirki ba. Malam ya bar duniya bai tara abin duniya ba, Balarabe Musa kuma har ya koma ga Allah a 2020 sunan da aka san shi da shi ke nan, riƙon gaskiya. Wannan ne ya sa labarin ke yi mini ciwo duk lokacin da na tuna shi.

Sauran ka san shi. A watan Yunin 1981 majalisar Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Balarabe. Ba rabuwar ce ta haifar da rikicinsa da majalisar ba, tun ranar farko suke takun saƙa, ko kwamishinoni ba ta bar shi ya naɗa ba, amma ya fuskanci wannan rana ne a matsayin korarre daga jam'iyyar da ta tsayar da shi. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983, 'yan watanni kafin zaɓe. Rimi ya tsaya a NPP, Sabo Bakin Zuwo ya kayar da shi a ƙarƙashin PRP, Kaduna ta koma hannun NPN, wata uku bayan rantsuwa sojoji suka dawo. Sunan PRP yana nan har yau, amma ba ta sake cin kujerar gwamna ba.

Wani masani Bajamushe, Max Weber, wanda ya rasu a 1920, ya kasa dalilan da ke sa mutane biyayya gida uku: al'adar da aka gada, da doka da ƙa'ida, da kwarjinin mutum. Ya lura cewa kwarjini ya fi sauran iya tayar da jama'a, shi ne kuma mafi gajeren kwana, domin ba a gadonsa kamar gona. Duk tafiyar da aka gina a kansa, ranar gwajinta ita ce ranar neman magaji. Ku ranar ta zo muku, kuma kun yi sa'a ta zo Baba yana da rai, yana cikin hankalinsa, shi da kansa ya ce zai sauka. Ƙungiyoyi da yawa a makabarta suke fara wannan shawara.

Akwai wata ƙungiyar manoma da na yi aiki da ita, ba sai na faɗi garin ba. Shugabanta mutumin kirki ne, irin wanda in kuɗin ƙungiya ya gaza yakan cika da nasa bai gaya wa kowa ba. Shekarar da ya tafi aikin hajji, takardar rabon taki ta iso, ana so a mayar da ita da hatimin ƙungiya cikin mako guda. Na je na tarar da su a ƙofar gidansa, mutum wajen ashirin, a inuwar darbejiya, kowa ya yi tagumi. Hatimin yana cikin akwatin ƙarfe a ɗakinsa, mabuɗin ya tafi da shi. Uwargidansa ta aiko yaro ya ce ita ba za ta bari a fasa akwatin Alhaji ba, kuma gaskiyarta. Mataimakin shugaba yana zaune a wurin. Na tambaye shi wane ofishi ake kai takardar, wa ake gani a can, ya ce wallahi bai taɓa zuwa ba. Duk wanda ke gindin bishiyar nan ya san manufar ƙungiya sarai, ai taki suke nema, ga shi kuma yana wuce su suna kallo. Da Alhaji ya dawo aka ba shi labari, hawaye ya yi. Bai kulle hatimi don mugunta ba. Shekara da shekaru shi ake bar wa komai don ya fi kowa iyawa, shi kuma ya ga ya fi sauri ya yi da kansa.

Na kuma ga akasin haka a wata ƙungiyar 'yan kasuwa mai kundin tsari mai kyau, an buga shi har da bango. Suka ce tunda komai a rubuce yake, ko wa aka ba zai iya, suka ba wanda ya fi daɗin baki a taro. Bai ci ko kwabo ba. Amma mutum ne da ba ya iya kallon idon ɗan'uwansa ya ce a'a. Kafin shekara biyu asusu ya koma bashin da ba a biya, masu biyan kuɗin wata suka ga su ake cuta, suka janye ɗaya bayan ɗaya. Kundin yana nan, dokar bashi tana shafinta, ba wanda ya tashi a taro ya karanta ta.

Saboda haka, Malam Sakatare, ka gaya wa matasanku cewa Baba yana ɗauke da kaya a kansa da ba su gani. Dilan taki da ke ba ku bashi har girbi, fuskar Baba yake ba, ba sunan ƙungiya ba. In an yi faɗa a kan wa zai fara jan ruwa, akwai yadda Baba ke kiran kowa gefe tun kafin magana ta kai taro. Ya san wane dillali ne mudunsa bai cika ba. Duk wannan ba ya cikin kundinku. Daga yau zuwa girbi, kar Baba ya sake zuwa ko ina da sunan ƙungiya shi kaɗai. Banki, ofishin gona, shagon dila, gidan dagaci, ya tafi da mutum biyu, ya gabatar da su da bakinsa, zuwa na biyu kuma ya yi shiru su su yi magana. Kai kuma ka sami littafi ka zauna da shi bayan la'asar, ka tambaye shi wa ke bin ku, wa kuke bi, wane alkawari ya ɗauka da baki wanda ba a rubuta ba. Asusun banki ya zama mutum uku ke da ikon sa hannu, biyu sun isa a fitar da kuɗi. Hatimi ya koma hannunka, a wurin da ma'aji ma ya sani.

Su kuma masu cewa babu Baba babu ƙungiya, ka nuna musu cewa barinsa a kujera da suna kawai shi ne mafi hatsari cikin duk shawarwarin. Za ku wayi gari da kai biyu, mai suna a gida, mai aiki a fili, duk wanda hukuncin mai aiki bai yi masa daɗi ba sai ya zagaya ya kai wa Baba gaisuwa. Tsakanin Gwammaja da gidan gwamnati irin wannan zirga-zirga ce ta yi yawa. Ku ba shi girmansa, ku naɗa shi uban ƙungiya, amma a faɗi a gaban kowa abin da uba zai yi da abin da ba zai yi ba.

Akwai wani gwaji da nake so ka yi tun kafin a fara maganar wa zai hau. Ka ɗauki 'yan ƙungiya goma, manya da ƙanana, ka tambayi kowa shi kaɗai. In ambaliya ta cinye gonar mutum ya kasa biyan bashin taki, me za mu yi masa? In wani babban mai saye ya zo da farashi mai kyau amma ya ce masu manyan gonaki kawai zai saya wa, mu karɓa ko mu ƙi? In ɗan siyasa ya ba mu injin ban ruwa ya ce mu fito masa ranar taro, fa? Duk goman za su ce maka manufarsu taimakon juna ce. Amma ina kyautata zaton amsoshinsu a kan waɗannan ukun za su sha bamban, kuma inda suka sha bamban, nan santsinku da taɓonku suke kwance suna jiran rana. Har yanzu Baba ne ke yanke irin waɗannan, kowa ya haƙura don shi ne. Sabon shugaba ba zai sami wannan haƙuri ba. Ku kawo su babban taro yanzu, tun ba a san wa ambaliya za ta faɗa wa ba, ku yanke, ku rubuta. Ku kuma yanke wa ke da maganar ƙarshe in shugaba da 'yan kwamiti sun saɓa, mutum nawa za su hallara kafin hukunci ya zama hukunci, da shekara nawa shugaba zai yi a sake zaɓe. Tun ran gini ake zane.

Kowane wata kuma ma'aji ya tashi ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, da Hausa, da ƙarfi, yadda na sahun baya zai ji. Mutum ba ya cewa subhanallahi a kan lissafin da bai taɓa ji ba.

Wajen zaɓen magaji, kar ku ɓata lokaci kuna neman wani Baba, ba za ku samu ba, kuma wanda ya yi ƙoƙarin kwaikwayonsa zai gaji. In ɗansa ya cancanta ya tsaya kamar kowa, in bai cancanta ba kunya kada ta sa ku ba shi. Abin da ni nake dubawa abu biyu ne. Na farko, ka tuna ranar da aka taɓa yi wa mutumin gyara a gaban jama'a, musamman in ƙaraminsa ne ya yi, yaya fuskarsa ta yi, kuma mako na gaba ya zo taro ko ya yi fushi. Na biyu, ka tuna ko ya taɓa hana na kusa da shi wani abu don ba haƙƙinsa ba ne. Mai waɗannan biyun, ko bai iya jawabi ba, zai koyi sauran.

Abu na ƙarshe kuma Baba ne kaɗai zai iya yinsa, kai ne za ka roƙe shi cikin ladabi, ku biyu. A tarurrukan farko bayan ya sauka, duk lokacin da magana ta yi zafi za ka ga kawuna sun juya wajensa, har da na sabon shugaban. Ka roƙe shi ya zo taron, ya zauna a gefe, in an juyo ana kallonsa ya ce, "Ga shugabanku nan, ku tambaye shi." In yana da gyara, ya bari a tashi ya kira shi gida.